Hannun Hagun Frau Zapletal

Duk ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, Frau Hermine Zapletal za ta hawo matakalar tsohon gidan nan na unguwar Josefstadt cikin baƙaƙen kaya, ba sarƙa, ba awarwaro, ba ko ɗigon turare, don kada wani abu nata ya yi ƙara ko ya sa makaɗi atishawa. Sai ta ja kujerarta zuwa hagun piyano, ta ɗauki littafin kiɗan ranar, ta bi shi shafi-shafi tana lanƙwasa kusurwar sama. Kafin sha ɗaya, mu sittin ɗin da falon ke ɗauka mun zazzauna. Shekara talatin da takwas tana wannan, kuma da kunya nake faɗa, sai bana na san cikakken sunanta; da Frau Zapletal, wato Malama Zapletal, kawai na san ta.

Aikinta shi ne juya wa mai piyano shafi. Hannayensa biyu suna kan aiki, dole wani ya miƙe, ya kai hannun hagu ta sama, ya juya takardar daidai lokacin da ido ya gama da ita, ya koma ya zauna. Ba a rubuta sunan mai juya shafi a takardar shiri, ba ya fitowa karɓar tafi. In aka tuna da shi, to kuskure ya yi.

Kiɗan falon nan a ɗakunan gidaje ya tashi tun zamanin kakanninmu. Mutum uku ne ko huɗu, kowa da nasa layin, babu mai sanda a gaba yana ba da umarni. Da ido da numfashi suke magana: ɗaya ya ja numfashi, sauran su san lokacin shiga ya yi. A tsakiyar wannan hirar Frau Zapletal ta zauna rabin rayuwarta. Alois, mai babban goge, ya shaida mini cewa ranar da wani baƙon mai piyano ya rikice ya tsallake gaba, ta juya shafi biyu a haɗe ta tarye shi, ko shi kansa bai san an cece shi ba.

Ranar Lahadin da ta wuce ita ce ranarta ta ƙarshe. Mun tanadi kek da kofi. Abin da ya faru kafin a buɗe ƙofa, Farfesa Kubitschek, mai piyanon da ta yi wa shekara talatin, shi ya ba mu labari daga baya.

Saura minti goma a fara, ta ɗora hannu a kan littafin sai ta tsaya cak.

"Herr Professor, wannan ba littafinmu ba ne."

"Sabon bugu ne, 'yata ta kawo mini. Wancan ai ya zama tsumma, Frau Hermine, ko kifi ba za a naɗe da shi ba."

"Yana ina?"

"Yana gida, can ƙetaren kogi. Ai kiɗan ɗaya ne."

"Kiɗan ɗaya ne, amma ba a wuri ɗaya shafukan ke ƙarewa ba."

Ya yi dariya. "To sai ki duba mana! Yau kika fara?"

Ta yi ƙasa da murya. "Ba na gani, Herr Professor. Shekara huɗu ke nan. Ina ganin haske, ina ganin inuwarka, amma rubutun nan ko ɗigo."

Ya ce sai ya zauna a kujerar piyano. Shekara huɗu! Matar nan ashe ta haddace inda kowane shafi na kowane tsohon littafi yake ƙarewa, da kunne take juyawa. Ta ɓoye ne don ta san abin da za mu yi: mu tausaya mata, mu ba ta furanni, mu ce ta je gida ta huta. Yanzu ga sabon littafi, ga mutane a matakala, kuma aikin da ba ta taɓa ɓatawa ba zai wargaje a gabansu ranar sallamarta.

"Bari in nemo wani a cikin baƙi," in ji shi.

"Ka nemo, in har kana so in mutu a tsaye. In ya rage layi ɗaya shafi ya ƙare, ka ja numfashi ta hanci."

"Haba, Frau Hermine! Mu uku ne ke numfashi a nan, kuma Alois huci yake kamar dokin da ke jan keken haya."

"Na san naka. Shekara talatin ina jin sa."

Littafin shafi arba'in da shida ne. Mu da muke zaune ba mu san komai ba. Mun ga gumi na ɗiga daga haɓar Farfesa, muka ɗauka daɗin kiɗa ne. Sau ɗaya, a wurin da kiɗan ya yi sauri, mai ƙaramin goge ta ja numfashi da ƙarfi. Hannun Frau Zapletal ya tashi, ya tsaya a iska, ya koma cinyarta. Ba numfashin Farfesa ba ne. Da nasa ya zo, shafi ya juya.

Da aka gama, Farfesa ya ƙi sunkuyawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da tafin, ya faɗa mana duka. Wata tsohuwa kusa da ni ta kama hannuna ta matse har sai da ya yi mini ciwo. Ni kam tsoro ne ya kama ni, da kunya: taku huɗu ne tsakanin kujerata da tata, Lahadi kusan ɗari biyu, ban lura ba.

Muka miƙe gaba ɗaya. Ita tana zaune, hannu a cinya. Da tafin ya lafa, muka ji ta ce, "Herr Professor, ka ɓata mini aiki. Shekara talatin da takwas ba wanda ya kalle ni."

Ki yi haƙuri, Frau Zapletal, yau sai mun kalle ki. Ke ce ta huɗu a kiɗan mutum uku. Ke ce kika saurari mutum har kika bambance numfashinsa a cikin numfashin wasu. Mun gode, duk da godiyar ta makara ƙwarai.

Ku da kuke aiki a gefen wani, ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe nata. Mu kuma masu zama mu yi tafi, mu riƙa duban wanda ke zaune a hagun piyano, mu tambayi sunansa tun yana iya ganin fuskar mai tambayar.