Baba Dahab na Farin Gida

Duk wanda ya tashi a layinmu na Bulkili, nan Iskandariyya, ya san inda gari ke waye wa Baba Dahab: kan rufin Farin Gida. Zai hau da tsintsiya da guntun ƙarfe, ya bi indararo ɗaya bayan ɗaya yana zaƙulo ganye da kashin tattabaru, sannan ya sauko ya ɗora shayi. Gidan ba shi da ado ko kaɗan. Farin bango ne da dogayen tagogi da baranda mai lanƙwasa, sai rufi a shimfiɗe kamar faranti. Irin wannan rufi kuwa, da zarar ruwan sama ya kwana a kansa, ya fara cin ginin ke nan.

Wani attajirin auduga ne ya gina shi tun zamanin sarki. Dahab ya zo masa gadi daga Aswan yana saurayi, aka gina masa ɗaki jingine da bangon baya. A ɗakin ya ajiye matarsa Nabawiyya, a ciki suka haifi 'yarsu, a ciki Nabawiyya ta cika. Ba shi da wani wuri a duniya sai ɗakin nan.

Da hukuma ta sa gidan cikin gine-ginen tarihi da aka hana rusawa, mu muka yi murna, magadan attajirin kuwa suka sha kunu. Fili suke so, su kafa bene mai hawa rututu. Dabarar kuma ba ɓoyayya ba ce a garin nan: a bar ruwa ya jiƙe gini har ya tsage, a kira injiniya ya ce zai faɗo kan mutane, shi ke nan a kawo katafila.

Girgis mai guga, da shagonsa ke kallon ƙofar, da kunnensa ya ji yadda Baba Dahab suka yi da Nash'at, jikan mai gidan.

"Baba, ka tsufa da hawan rufi, ka huta mana," in ji Nash'at. "Ƙyale indararon nan. In bene ya tashi, ɗakinka na nan a hawan ƙasa, da famfo da komai."

"Kai Nash'at," in ji Baba Dahab, "a kafaɗar nan ka sha yi min fitsari, yau kai za ka koya min hutu? Kakanka cewa ya yi in kula da gida. Bai ce in an gaji da shi in taya kashe shi ba."

"To, kar ka ce ban gaya maka ba."

Aka tsayar da albashinsa. Matan layi suka riƙa aika masa wake da burodi, yana karɓa yana mitar gishiri ya yi yawa. Ana nan wata rana ya je asibiti, kafin ya dawo an ɗura siminti a indararon. Na gan shi da idona a cikin ruwan saman hunturun nan mai ƙarfi, tsoho tukuf, a durƙushe da guduma yana fasa simintin, jallabiya ta manne masa a baya. Tun daga ranar gwiwarsa ba ta ƙara miƙewa daidai ba.

Kai ne, Baba, ka gajiyar da magadan. Da suka ga gida ya ƙi tsagewa, suka sayar wa wata gidauniya da za ta gyara shi ta buɗe wa jama'a. Muka ce alhamdu lillahi, wahala ta ƙare.

Sai ga injiniyar gidauniyar, wata yarinya mai ladabi, Mirfat. Ƙa'idarsu ita ce a mayar da gida yadda aka fara gina shi, duk abin da aka ƙara daga baya a cire. Ta tsaya gaban ɗakin Baba Dahab tana shakka, don ya tsufa har ya saje da bangon.

"Baba, wannan tun asali yake?"

Da ya ce e, ba mai ƙaryata shi. Duk waɗanda suka ga gininsa suna kabari. Girgis har take masa ƙafa ya yi.

"A'a, 'yata," ya ce. "Ni na ɗebo yashinsa."

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinka ranar, Baba, har na ƙi gaishe ka. Kalma ɗaya fa! Amma wanda ya ƙi cin amanar gida da tsintsiya, ina zai ci ta da baki? Mirfat ta yi ta kai gwauro ta kai mari a bar ɗakin, manyanta suka ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Aka ba shi takardar yabo, aka rushe.

Yanzu yana wajen 'yarsa a unguwar Bakus, can saman wani bene da gwiwarsa ba ta son matakalarsa. Farin Gida ya yi fes, baƙi na ta ɗaukar hoto. Ranar buɗewa na riƙo hannunsa muka zaga baya. An shuka ciyawa a gurbin ɗakin, lufluf, ba ko alamar tubali. Ya daɗe yana dube-dube. Na tambaye shi ko ya yi nadama.

"Nadamar me? Gida ya tsaya." Ya sake duban ciyawar. "Abu ɗaya ne, ɗana. Na kasa gane inda gadon yake. Ban san inda zan tsaya in yi wa Nabawiyya addu'a ba."

Kuka ne ya zo min.

Mun gode, Baba Dahab, Allah ya saka maka da gidan da ba a rusawa. Ku kuma da aka ba amanar wani abu, ko ƙofa ce ko aji ko majinyaci, ga wanda za ku kwaikwaya, yana raye, ku je ku gaishe shi. In kun shiga Farin Gida kun gama yaba barandar, ku zaga baya ku ɗan tsaya. Don Allah kar ku taka ciyawar.