Ƙarar Ruwa a Kunnen Inna

Na gina ɗan tafkin kiwon kifi a bayan gidanmu na Rano, na jera duwatsu, injin sola yana tura ruwa ya gangaro ta kansu. Kullum na dawo sai in tarar an zare wayar injin, kifaye sun taso suna neman iska. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ranar da karfasa biyu suka mutu, na kama mahaifiyata da wayar a hannu.

"Haba Inna! Ruwan nan zagayawa yake, ba ɓarna ba ce!"

Ta zame ɗankwalinta, ta nuna min tsakar kanta, inda gammo ya cinye gashi.

"Kunnena bai san wannan ba," ta ce. "Ruwa nake ji yana zuba, babu tulu a ƙarƙashinsa."