Alewar Inna da Cakulan Alhaji

Ranar Litinin ta farko bayan babbar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a Yelwan Yawuri, aka jera mu cikin rana tun hantsi muna jiran Alhaji Mai Cakulan. Ɗan garinmu ne da ya tafi Ikko ya kafa masana'anta, ya dawo da tumbi da sunan mai taimako. Ko tsinke ba ya ba ka sai mai hoto ya gyara tsayuwa.

Inna kuwa tana bakin ƙofar makaranta, gindin dogon yaro, da farantin alewar ɗinya. Tun da jirgi ya kife da Baba a gulbi, wannan faranti ne cinmu da suturarmu. Ni ke tsinto mata ɗinya, ni ke hura wuta.

Da yake na fi kowa karatu, hedimasta ya miƙo mini takardar godiya. Ban duba ba, na hau lasifika ina ta ƙwambo. Sai na ji bakina yana cewa, "Mun gode wa Alhaji da ya raba mu da ƙazamar alewar bakin ƙofa." Aka yi tafi raf-raf. Alhaji ya gyaɗa kai, wai shi likitan yara. Ashe sharaɗinsa ke nan: zai riƙa aiko cakulan kyauta, amma a kori masu talla. Aka ba mu ɗai-ɗai. Zafin Yawuri ya riga ya narkar da shi, muka riƙa lasar takarda kamar awaki. Tir!

A ranar aka tashi Inna. Da na koma gida na tarar da farantin cike, ƙuda na bi. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Muryarki ta fito sarai, ɗiyata. Har ƙofa na ji."

Kwali biyu Alhaji ya ƙara aikowa, daga nan shiru. Dokar kuwa ta zauna daram. Inna ta koma gyaran kifi a bakin ruwa, ƙaya ta cinye mata yatsu.

Yau sunansa na jikin bangon makarantar da manyan baƙaƙe, ana kiransa uban marayu. Ni marainiya ce, na san irin ubancinsa. Jikokina ko kallon alewar ɗinya ba sa yi, Inna kuma ta daɗe a ƙasa. Har yanzu da za a ba ni takardar nan, da na fara dubawa kafin in buɗe baki.