Kawu Kafinta da Bencinan Makarantarmu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina wanke kwanukan safe na lura babu ƙarar zarto ko guduma daga shagonka. Jim kaɗan Umma ta shigo da mayafinta a hannu, ta ce Allah ya yi wa Kawu Kafinta rasuwa, bayan zazzaɓin kwana uku kacal. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Kawu, ba mu haɗa jini da kai ba. Katanga ce kawai ta raba gidanmu da shagonka, amma duk yaran layinmu da Kawu muka san ka. Ko da aka zaɓe ka kansilan unguwarmu, fensir bai bar bayan kunnenka ba, kuma da garin katako a hularka kake zuwa zaman majalisa. Kai kaɗai ke kirana Rediyo, saboda ba na magana. In na zo wucewa kaina a sunkuye sai ka ce, "Rediyo, yau ma batir ya ƙare?" Ni kuwa in ruga gida ina dariya a cikin hijabina.

Bara na gama firamare. Sakandaren da ta fi kusa da mu tana can bayan babban titi, sai an hau mota biyu. Baba ya ce ba zai iya ba, kuma yana tsoron titin. A aji shida karatun yayata ya tsaya, ni ma na san nan nawa zai tsaya. Na ɗaure littattafaina da igiya na tura su ƙarƙashin gado.

A lokacin ne majalisar ƙaramar hukuma ke shawarar abin da za a yi da harajin kasuwa da na shaguna na wannan shekarar. Yawancin kansiloli suna son a gyara zauren taronsu, a sa sababbin kujeru da babbar ƙofa. Kai kuma ka ce a ƙara ɗaki biyu a makarantarmu, a buɗe ajin farko na sakandare. Sau biyu kana kawo maganar, sau biyu ana cewa a bari sai baɗi.

Sai aka yi kuskuren ba ka gyaran tsofaffin kujerun zauren. Ranar Asabar ɗin da za a yanke shawara, ka aika musu cewa fenti bai bushe ba. Ba ƙarya ka yi ba, Kawu, da idona na gan ka kana shafa shi da safen nan. Ka aro benci uku daga ajinmu, ka kai zauren a baro, ka roƙi Umma ta bar ni in bi ka tare da ƙawayena biyu. Ka ce mini, "Ba sai kin ce komai ba. Ki zauna kawai ki yi kallo."

Har in mutu ba zan manta da kallon nan ba. Manyan mutane goma sha biyar, biyar-biyar a kan benci, daidai yadda muke zama. Gwiwoyinsu har ƙirji, ma'aji ya rasa inda zai ɗora takardunsa sai a cinya. Wani ya ce, "Matsa mana, Alhaji!" Aka ba shi amsa, "In matsa ina, cikin aljihunka?" Shugaban majalisa ya zo a makare, bai sami wuri ba sai can ƙarshen benci, inda katakon ya zarce ƙafar bencin.

Aka zo ƙuri'a. Sakatare ya ce masu son gyaran zaure su miƙe. Mutum huɗun da ke bencin shugaba suka miƙe lokaci ɗaya. Benci ya ɗaga sama, shugaba ya zube ƙasa, hularsa ta gangara har gabana. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ai sai an ce 'zan tashi' tukuna!"

Zauren ya fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shugaba yana zaune a ƙasa, shi ma yana dariya har da hawaye, ya ce, "'Yata, zo ki koya mana." Na dube ka, ka gyaɗa mini kai. Na ce a ajinmu duk wanda zai tashi sai ya faɗa, don kada na ƙarshe ya faɗi. Ya tambaye ni sau nawa na taɓa faɗuwa, na ce na daina ƙirgawa tun aji huɗu. Ya tambayi wace sakandare zan shiga. Nan na kasa amsawa, kai ma ba ka amsa a madadina ba. Ka bar shirun ya daɗe har kowa ya ji shi.

Hajiya mai kantin magani, wadda ta miƙe ɗazu don gyaran zaure, ita ta fara komawa ta zauna. Shugaba ya karkaɗe rigarsa ya ce tunda ba a kai ga ƙirga ƙuri'ar ba, a sake. Mutum tara suka tsaya wa azuzuwa. A hanyar gida kana tura baro kana waƙa, ka saya mana alawa, ka ce tunda kake ba ka taɓa jin labarai masu daɗi a rediyo irin na yau ba.

Daga nan kullum kana wurin ginin. Kai ka yi rufin, kai ka rataya ƙofofin, ba ka karɓi ladan aiki ba. Ka ce da leburori su bar bishiyar da ke tsakar fili, ko da za a karkata ginin kaɗan. Taga ɗaya ta rage ka kwanta ciwo, babban ɗanka ya ƙarasa ta bayan kwana bakwai da rasuwarka.

Gwaggo, matar Kawu, na zo gaisuwa sau biyu na kasa cewa komai, shi ya sa na rubuta. Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki da jikokinki da duk mutanen unguwarmu. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa duk harafin da za a koya a ɗakunan nan ya zama haske gare shi.

Kawu, ranar Litinin aka buɗe azuzuwan. Mu arba'in da biyu ne. Baba da kansa ya raka ni har bakin ƙofa, ya tsaya ya tambayi shugabar makaranta ko akwai sauran wuri ga yarinyar da ta yi shekara biyu a gida. Ta ce akwai. Gobe da yayata za mu tafi.