Gaisuwar Damagaram a Wurin Cajin Mota

Ina wurin ajiye motoci na wani babban kanti a garin Stains, waya ta nuna batirin motata mai lantarki ya cika, sai ga Alhaji, aminin babana ɗan Damagaram, ya zo daga Lyon ganin jikoki.

Caji a nan ya yi tsada yanzu. In batir ya cika ba ka cire ba, kowane minti sai an ci ka tara.

Na rusuna muka fara gaisawa: ina gajiya, ina aiki, ina sanyi.

Can na daure na ce, "Baba, injin can kuɗina yake ci."

Ya ce, "Bar shi ya ci, ɗana. Ban tambayi mahaifiyarka ba tukuna."

Na bar shi ya ci. Rabon da wani ya tambaye ni lafiyarta a garin nan har na manta.

Ku da kun katse dattijon?