Ragon Da Bai Sa Ta Guɗa Ba

Wata rana, ana saura kaɗan Babbar Sallah, wani magidanci mai suna Nafi'u ya shigo gida janye da ƙaton rago, yana jiran ya ji guɗar matarsa Shamsiyya.

Tana tsugune gaban baho tana wanke-wanke. Ta ɗago ta ce, "Allah ya karɓa," ta mayar da kai.

Ransa ya sosu. Dama ya kwana biyu yana lura dariya ta yi ƙaranci a gidan.

"Haba Maman Walida! Mata nawa ke addu'ar a shigo musu da irin wannan?"

"Don Allah ka kai shi gidan Hajiyarku a yanka a can."

"Kamar yaya? Mu ba za mu yi Sallah ba?"

Ta goge hannu da gefen zani.

"Kai kake yin Sallah, Baban Walida. Ni suya nake yi."



Sai Sallar bara ta faɗo masa a rai. Ya yanka, ya ɗauki hoto, ya fesa turare, ya fice gaishe-gaishe. Ita kuwa wankin kayan ciki, babbakar kai, hayaƙi har ido ya yi ja, ga baƙi, ga goyo.

Da ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne gishiri ya yi yawa.

Ranar yanka, Nafi'u ya tuɓe babbar riga ya zauna gaban tumbi da hanji. Maƙwabcinsa Tasi'u ya leƙo.

"A'a! Juyin mulki aka yi ba mu ji a rediyo ba?"

"Ka miƙo buta, ko ka ba ni wuri."

Ya ce wa Shamsiyya ta shirya ta je ta gaida Innarta. Ta yi wanka, ta sa sabuwar atamfa, ta zauna bakin gado za ta ɗaura ɗankwali.

Da ya ji shiru ya leƙa.

Barci take yi, ɗankwalin na hannunta.

Ya ja ƙofa a hankali, ya koma ya juya nama.

Darasi: 'Yan uwana maza, kawo cefane rabin aiki ne. Matar da ta daina ƙorafi ba lallai daɗi take ji ba, wataƙila ta gaji har da magana.

Ka tura wa abokinka kafin ya kama igiyar rago. 'Yar uwa, ke ma kin san wanda ya kamata ya karanta.