Baba Nomau da Fangalin Albasata

Labarin ya iske ni a zangon fatake nan Gwanja, ina ɗaure huhun goron wani. Wani mai jakai daga Ɗan Gulbi ya kawo kanwa, na ji harshen gida a bakinsa, na matsa muka gaisa. Na tambayi damina, na tambayi gero, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Baba Nomau mai garka sai ya ce, "Ai wannan ya rasu tun kaka." Ya faɗa yana kwance mangala, bai ko ɗago kai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ga laifin mai jakai ba. Shi wani tsoho ya sani a bakin rijiya. Ni kuwa ta dalilin tsohon nan iyalina suke da wurin kwana.

Na rubuta wannan ne don a karanta wa iyalansa da mutanen garka idan ayari ya koma.

Ni Bube, ɗan makiyaya ne, bayan shanu na tashi wajen Tagris. Shekarar da ciwo ya shiga garkenmu, na wayi gari daga ni sai sanda, sai matata Hajo da ciki. Muka gangaro ƙauyen nan na kwari kusa da Dakoro, inda muka saba shayarwa. Ba a yi murna da mu ba. Daminar da ta wuce shanun wasu danginmu sun kwana cikin gonar Tanko, suka cinye masa gero yana cikin bununi, bai ko yi ido ba. Ba nawa ba ne, amma a idon manomi duk mai sanda ɗaya ne. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Sai dai gaskiya, Tanko da ƴaƴansa sun sha yunwa a shekarar, ban kuwa ji wani cikin danginmu ya je ba shi haƙuri ba.

Mai gari ya yanke cewa mu zauna zuwa cirar albasa. In lokacin ya yi Tanko ya yarda, a ba mu wurin bukka. In ya ƙi, mu koma daji.

Baba Nomau ne ya kira ni garka. Shinge ɗaya ce ta ƙaya ta kewaye rijiya, kowane gida da fangalinsa, na albasa, na yalo, na barkono. Ya kafa doka tun kafin zuwana: ba mai shayar da nasa. Kowa na maƙwabcinsa yake ba ruwa, wani kuma ya ba nasa. Yakan ce, "In na bar kowa da nashi, kahin hantsi rijiya ta ƙahe, kahin azahar an yi dambe." Da ya auna mini fangali da ƙafarsa, sai ya haɗa ni da Tanko.

Tanko ya ce, "Baba, wanga ko shanu bai iya riƙewa ba, albasata za ka ba shi?"

"Kai ma ga tashi a hannunka. In ya kashe taka ka kashe tashi, ku zo ku ci tawa."

Aka yi dariya, ban da mu biyu.

Jan guga ba baƙona ba ne, shi kaɗai na iya a wurin. Ranar dashe aka ba ni irin albasa, kowa ya duƙa kan nasa. Na ga suna zubar da ƙanana suna ba manya tazara, na ce a raina waɗannan mutane ba su san tattali ba. Makiyayi ba ya yar da maraƙi don ya rame. Ga shi lokacin ɗari ne, na kuwa san dabba in sanyi ya kama ta, matsuwa take so da ƴan'uwanta. Na tsince har waɗanda suka zubar, na dasa su jiki da jiki don su ji ɗumin juna.

Baba Nomau ya zo ya tsaya ya duba, ya tauna goronsa, ya wuce. Daga baya na ji ya hana kowa yi mini magana, ya ce mai shayar da fangalin shi ke da bakin faɗa.

Kullum safe Tanko yana zuba wa albasata ruwa, fuska a murtuke, ni ina zuba wa tasa. Ba gaisuwa. Tasa ta miƙe, tawa ta tsaya kamar gashi, ta soma rawaya. Ina ganinsa yana daɗewa a kanta, ya yi tsaki ya tafi. Wata safiya ya aje guga, ya kira ni da sunan da manoma ke tsokanar makiyaya da shi, ya ce, "Kai Agwai, wanga garke ne ko fangali?" Ya durƙusa ya fara tuge mini shuka. Idona ya rufe. Abin da ya rage mini a duniya ke nan, ga wanda yake so a kore ni yana cire shi. Na kama hannunsa da ƙarfi, mutane suka miƙe.

Daga gindin magarya Baba Nomau ya ce, bai ko ɗaga murya ba, "Sakam mashi hannu, Bube. Da bai so ka kai damina nan ba, da ya bar ta yadda take."

Na saki. Na tsuguna gefensa, ya nuna mini tazarar da yatsunsa, yana zagina yana cira. "Ka gani? Kai ta ka yi a ƙasa, ina za ta sa shi in ka cushe ta?" Ganyen da muka cire matarsa ta kwasa, ta iske Hajo ta koya mata yin gabu, busasshen ganyen albasa na miya. Ran nan ne wata mace ta fara shiga masaukinmu a garin.

Da aka cire albasa, mai gari ya tambayi Tanko a gaban jama'a. Tanko ya ce, "Geron dai ban manta ba. Amma in ya tahi, wa za shi shayar mani? Duk garkan nan ba mai ja kamar shi." Aka ba mu wuri.

Ba zan ce Baba Nomau ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, bakinsa kuma in ya sare ka sai ka kwana kana ji. Amma ban taɓa ganin ya ci nunan fari na fangalinsa ba, gidan mai jego ko mara lafiya yake aikawa. Wanda ya zo yana huci yakan ce masa, "Aje hushin bakin shinge, ba mai ɗauke maka, ka iske shi in ka fito." Ranar da zan bi fatake neman abin sayen shanu, ya raka ni har bayan gari ya ce, "Za ka tahi neman shanu ka bar mutane." Na tafi. Shekaru sun shuɗe, ina ɗaukar kayan wasu a ƙasar da ruwan sama ya gundure ni, ko karsana ban saya ba.

Na tambayi mai jakai wa ke riƙe da garka yanzu, ya ce bai sani ba. Tanko, in kana wurin da ake karanta wannan, da kai nake. Hajo da yara albasar nan suke ci, kai kake ba ta ruwa, ni kuma na bar maka taka a hannun mace. Na sani. Kada ku bari dokar tsohon ta bi shi kabari.

Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya sa muka shayar da juna. Allah ya ba matarsa Inna Tasalla da ƴaƴansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ya tsare musu mutuncinsu a bayansa. Ni kuma Allah ya maishe ni gida da sauran ƙarfin jan guga, in biya Tanko ruwansa. Amin.